Zuwa ga Uwata, a Bajoga

Bolari, Gombe
Daren Alhamis

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Goggonki da yaran gida. Mu nan lafiya lau, sai marka da ta hana mu sakat. Katangar bayan gida ta sake tsagewa a wurin nan dai da kika sani.

Bappanki ya biyo ta nan ranar Talata da labarin da ya hana ni barci. Ya ce shugabar ƙungiyarku ta yaba da ke har ta damƙa miki makullin sito da rajistar abincin yara masu tamowa. Yana faɗa yana murna, Dadarki har da guɗa. Ni ma na ce alhamdulillahi, amma gabana ya faɗi, kuma har yanzu bai daina faɗuwa ba.

Kada ki zaci ban ga yadda kika canza ba. Ranar Asabar ɗin da kika zo, da tsohuwar nan mai nono ta shigo goye da jikanta, ina kan tabarma da rediyo a kunne, amma ke nake kallo. Kika durƙusa, kika zaro ma'aunin nan mai launi uku, kika zagaya shi a damtsen yaron. Kika ce ya faɗa ja, wato kaurin damtsen bai kai santimita 11.5 ba, alamar tamowa mai tsanani. Kika danna bayan ƙafafunsa da babban yatsa kina ƙirga ɗaya, biyu, uku, ki ga ko wurin zai loma. Sannan kika yi mata bayani da Fulatanci, harshen da mai sunanki ta yi ta fama ki kama kina noƙewa, ba tsawa ba gadara, har ta yarda ta kai shi asibiti a ranar. Ke da ba kya iya shiga maƙwabta sai an raka ki. Na shiga ɗaki na share ido ba wanda ya gani.

Na san na so hana ki tafiyar nan, na ce dogon hutu a gida ake yin sa. Ina da dalilaina. Amma na yarda koyon makamar aikin nan ya ba ki abin da aji bai ba ki ba.

To, ga abin da ke cina. Ke da bakinki kika gaya mini katan ɗaya na abincin tamowar nan leda 150 ne, kuma kusan shi ne abin da yaro ɗaya yake buƙata ya warke, cikin mako shida zuwa takwas. Ashe katan ɗaya ran yaro ne. Ga shi muna Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, zazzaɓin sauro da gudawa suna ta kayar da yara, lokacin da layinku ya fi tsawo ke nan. Kuma kowa ya san ana ganin ledojin nan a kasuwa ana sayarwa kamar alewa. Ba daga sama suke faɗowa ba. Daga wani sito suka fito, kuma a wata takarda akwai hannun wani da ya shaida sun isa inda aka nufa. Ranar da bincike ya zo, wanda ya ɗauka ba ya nan. Mai sa hannu ake nema, kuma galibi ƙaramin ma'aikaci ne.

Ba zargin mutanenku nake ba, ban san su ba, Allah ya sa na kirki ne. Ni ma na kirki na ɗauki nawa.

Tun 1996 da aka yanke Gombe daga Bauchi aka dawo da mu, nake riƙe da sito, ba a taɓa samun ko allura ta ɓata a hannuna ba. Sai rannan motar taki ta iso ana kiran magariba, hadari ya haɗo. Shugabana, mutumin da ke kirana ƙanensa, wanda ya zo sunanki da rago, ya miƙo mini takarda ya ce, sa hannu kawai direba ya kama hanya, gobe ma ƙirga. Na kalli furfurarsa na ji kunya. Na sa. Da gari ya waye buhu arba'in babu. Abin da ya biyo baya kin san shi, ko da yake kina ƙarama: shekarar da muka bar gidan Jekadafari, da ɗan kunnen Dadarki da bai dawo ba. Wallahi ko mudu ɗaya bai shiga gidana ba. A gaban kwamiti na rantse, shugaban kwamitin ya ɗaga takardar ya ce, wannan hannun waye? Ban da amsa.

Shi ya sa maganarki ta jiya a waya ta ɓata mini rai. Ina miki nasiha kika ce, Baba yanzu komai a kwamfuta yake, ba irin na lokacinku ba ne. Har da 'yar dariya. Uwata, yaushe kika fara riƙe makulli? Mako biyu. Kwamfuta tana shiga sito ta ɗaga katan ta ji ko da nauyi? Abin da aka ɗura mata shi take amayarwa, kuma sunanki ne a maƙale da shi. Don an ba ki riga mai tambari da ɗan alawus, ba shi ne kin fi ubanki sanin sito ba. Dadarki ta ce na cika tsoro. E, na ji. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Babban abin da nake tsoro tarbiyyar da na ba ki ce da hannuna. Ni na koya miki kada ki haɗa ido da babba, kada ki musa masa. Ban yi nadama ba, amma a bakin sito jin kunyar marar kunya asara ne. Duk wanda ya kawo kaya, ko sa'an kakanki ne, ki gaishe shi har ƙasa, ki ba shi wurin zama da ruwa, sannan ki ƙirga a gabansa katan bayan katan, ki buɗe na ƙasa ba na sama kaɗai ba. In dare ya yi, takarda ta kwana ba hannu. In an ce ki ƙara sunan yaron da ba ki gani da idonki ba don lissafi ya cika, ki ce Babana ya hana ni. Ki ɗora mini, na ɗauka. Makulli kuma ba a ba da aronsa, ko na minti biyar. In har abin ya kai sai kin zaɓa tsakanin sa hannu da takardar shaidar da za su ba ki a ƙarshe, ki bar musu takardar ki taho gida, ni zan je makaranta na yi bayani.

Ki yafe mini zafin da na yi a waya, na kashe ban ko amsa sallamarki ba. Ba ƙin ci gabanki nake ba. Da na ga tsohuwar nan ta kama hannunki tana sa miki albarka, na ce ko yau na mutu na bar abin kirki.

Gobe zan ba direban Bajoga saƙo a tasha: dambun nama daga Dadarki, sabon gidan sauro, da littafi mai bango mai kauri. Na ja layukan shafin farko da kaina, ranar shigowa, adadi, wanda ya kawo, wanda ya shaida. Naki ne, ba na ofis ba, ki riƙa kwana da shi a jakarki. In kin zo Asabar mai zuwa ki taho da shi mu duba tare.

Ki gaida Goggonki, ki ce maganin ƙafarta yana cikin ledar. Allah ya yi miki albarka, ya tsare mini ke.

Naki,
Babanki