Hayaƙin taba a jirgin yawon teku: masu jirgi su daina haɗa fasinja da fasinja faɗa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ka ara mini fili a shafin wasiƙu domin in tofa albarkacin bakina a kan wani al'amari da na gani da idona a cikin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, irin manyan jiragen nan da ke kwasar dubban mutane su yi mako guda ko biyu suna zagaya teku, suna yada zango daga wannan tasha zuwa waccan. Al'amarin shi ne takun-saƙar da ake yi tsakanin masu shan taba sigari da waɗanda ba sa sha. An saba ɗora laifin a kan rashin ladabin fasinjoji: wannan ɓangare ya ce wancan ba shi da tausayi, wancan kuma ya ce wannan ya cika tsegumi. Ni kuwa, bayan kwana 7 da na yi a tekun Bahar Rum tare da maiɗakina, na sauko da yaƙinin cewa kaso mafi tsoka na rigimar daga tsarin jirgin yake fitowa, kuma masu jirgin ne suka tsara shi haka, sannan suka koma gefe suka bar baƙinsu suna hararar juna.

Maiɗakina tana fama da ciwon asma tun tana yarinya, shi ya sa muka kama ɗaki mai baranda domin ta riƙa samun iskar teku. A dare na biyu mun buɗe ƙofa muna kallon fitilun wani gari da muke wucewa daga nesa, sai warin taba ya zagayo ta gefen allon da ya raba mu da maƙwabcinmu. Allon nan bai kai rufi ba, bai kuma taɓa ƙasa ba, ido kawai yake tarewa. Ba a yi minti 5 ba na fara jin ƙirjinta yana fito, ta koma ciki tana laluben abin shaƙarta a jaka, ni kuma na rufe ƙofar raina a ɓace.

Washegari na ƙwanƙwasa wa maƙwabcin ƙofa. Dattijo ne da ya haura shekara 70, yana dogara sanda, yatsunsa biyu na hannun dama sun rine da taba. Na ce masa, “Baba, ka gafarce ni, ba faɗa ya kawo ni ba, roƙo ne,” sannan na gaya masa halin da muka kwana a ciki. Ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce ya san doka ta hana, amma wurin da aka ware wa masu shan taba yana hawa 6 sama da ɗakinsa, ga gwiwoyinsa sun ƙi, ga shi kuma ya shekara fiye da 40 bai taɓa kwanciya ba tare da ya zuƙi kara ɗaya ba. Ya ba da haƙuri har sau uku, kuma daga ranar bai sake ƙyasta ashana a baranda ba. Nakan hange shi da dare yana takawa a hankali a doguwar hanyar da ke tsakanin ɗakuna, kwalin taba a aljihun rigarsa, ya nufi lif.

A rana ta huɗu na sake ganin sa, wannan karon a wurin da doka ta amince masa. Kujeru 'yan kaɗan ne aka jera a gefe guda na benen da wurin ninkaya yake, babu inuwa, kuma daidai kan hanyar da jama'a ke bi zuwa zauren cin abinci. Wata mata ta zo wucewa da 'ya'yanta biyu, ta toshe wa ƙaramin hanci, ta yi tari da gangan, ta ɗaga murya ta ce wasu mutane ba su da kunya. Dattijon nan ya murƙushe tabarsa tun bai kai rabi ba, ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da kayan sata. Abin ya tsaya mini a rai, domin shi bai karya doka ba, ita ma ba ta yi ƙarya ba da ta ce hayaƙin yana cutar da ɗanta. Ba shi da wani wurin da zai je, ita kuma ba ta da wata hanyar da za ta bi sai ta yi dogon zagaye. Wanda ya ajiye kujerun nan a bakin hanya shi ne ya haɗa su, kuma ba ya wurin lokacin da ake musayar baƙar magana.

Kada mai karatu ya ɗauka ina nema wa shan taba a baranda uzuri. Hanin nan yana da tarihi mai ɗaci. A daren 23 ga Maris na 2006, wajen ƙarfe 3 na dare, gobara ta tashi a jirgin Star Princess yana kan hanyarsa daga tsibirin Grand Cayman zuwa Montego Bay a ƙasar Jamaika. Hukumar binciken haɗurran jiragen ruwa ta Birtaniya ta ce abin da ya fi yiwuwa shi ne guntun taba da aka yar ya faɗa kan wani abu mai kama wuta a wata baranda, ya yi kusan minti 20 yana ci a ɓoye kafin harshen wuta ya bayyana. Allunan da suka raba barandun na roba ne, kujerun ma haka, babu na'urar jin hayaƙi ko ta fesa ruwa a waje, ga iskar tafiyar jirgi tana hura wutar. Fasinja guda ya rasu, an yi wa wasu 13 magani saboda shaƙar hayaƙi, ɗakuna 79 suka ƙone ƙurmus, fiye da 200 kuma suka lalace. A kan wannan ne hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gyara ƙa'idojin kare rayuka a teku game da barandu, gyaran ya fara aiki a watan Yuli na 2008. Mutumin da ya cilla guntun taba daga bene yana zaton teku ya jefa shi, alhali iskar da ke bin jikin jirgi tana iya dawo da shi ta ajiye a barandar wanda ke barci a ƙasa.

Duk da haka, kamfanoni ba su yi gaggawa ba. Princess Cruises, mai jirgin da ya yi gobarar, sai a Janairun 2012 ya hana taba a ɗakuna da barandu. Royal Caribbean ya hana a baranda daga Janairun 2014, Carnival a Oktoban wannan shekarar, Holland America kuma a Janairun 2017. A yau wanda aka kama yakan biya tarar dala 250, a wasu jiragen har 500, kuma idan ya yi taurin kai ana iya sauke shi a tasha ta gaba ya nemi hanyar gida da kuɗinsa. Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari. Abin da nake tambaya shi ne, da aka kori mashayi daga ɗakinsa da barandarsa, ina aka kai shi?

An kai shi wuri biyu. Na farko shi ne irin kujerun bakin hanya da na ambata. Na biyu, wanda ya fi damu na, shi ne zauren caca. A jirage da yawa har yanzu ana busa taba a nan, a rufaffen wuri, kuma sau da yawa zauren yana tsakiyar jirgi, inda dole mai zuwa cin abinci ko zauren wasanni ya ratsa ta cikinsa ko ta gefensa. Ni da maiɗakina mun riƙa hawa bene guda mu wuce ta sama, sannan mu sake sauka, domin kauce wa warin da ya kama dardumar wurin. Dalilin barin taba a nan ba ɓoyayye ba ne: mutumin da ya tashi daga kan teburi domin ya je waje ya sha taba yana iya ƙin dawowa, kuma wannan asara ce ga mai jirgi. An taɓa gwada hanin gaba ɗaya. A 1998 Carnival ya fito da jirgi mai suna Paradise, wanda aka haramta taba a ko'ina cikinsa, amma a 2004 aka janye dokar saboda lissafin ciniki bai fita ba. Ke nan masu jirgi sun san abin da suke yi sarai. Inda hayaƙi ke barazana ga dukiyarsu sun hana shi, inda yake kawo musu riba sun bar shi, sauran kuma suka ce fasinjoji su daidaita a tsakaninsu da ladabi.

Ladabi kuwa ba ya tare iska. Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an san suna haddasa ciwon daji, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane sama da miliyan guda ke mutuwa kowace shekara saboda hayaƙin da wasu suka busa, ba su ba. Yarjejeniyar hukumar ta yaƙi da taba, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2005, ta wajabta wa ƙasashe a sashe na 8 su kare mutane daga wannan hayaƙi a wuraren aiki da na taruwar jama'a, kuma bayanin da aka yi wa sashen a 2007 ya fito fili ya ce na'urorin tace iska ba sa kawar da haɗarin a rufaffen wuri. Ireland ta hana taba a wuraren aiki tun Maris na 2004, Ingila ta bi sahu a Yulin 2007, jiragen sama kuma sun daɗe da rufe wannan babi. Jirgin ruwa ya tsira daga wannan ne saboda a tsakiyar teku dokar ƙasar da aka yi masa rajista ce ke bin sa, kuma galibin waɗannan jirage tutar Bahamas ko Panama ko Malta ko Bamuda suke ɗauke da ita, ko da kuwa masu su da fasinjojinsu daga Amurka ko Turai suke.

Ina kuma so marasa shan taba, waɗanda nake cikinsu, mu yi wa kanmu adalci. Sinadarin nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, kuma cikin kimanin awa 2 rabinsa ya bar jini, daga nan jiki ya fara neman wani. Mutumin da ya shekara 40 a haka ba zai warke ba don kawai ya hau jirgi, kuma wulaƙanci bai taɓa raba kowa da taba ba. Idan ya bar ɗakinsa, ya ja ƙafa ya je inda aka ce ya je, ya sauke nauyin da ke kansa, kuma bai cancanci tsaki ko habaici ba. Wanda ya zo ya zauna kusa da mazubin toka sannan ya fara ƙorafi, shi ne ya nemi magana. Idan kuma maƙwabci ya karya doka, magana mai taushi ita ce matakin farko. Ni na gwada, ta yi aiki. In ta ƙi, a kira ma'aikatan jirgi, a bar musu, kada a tsaya cacar baki ta saman allo da tsakar dare. Mashayi shi ma ya sani cewa hancinsa ya riga ya saba, ba ya jin abin da wasu ke ji, don haka kada ya ce ai kara ɗaya ne kawai. Kara ɗayan nan ne ya hana maiɗakina barci. Haka nan mai sigarin lantarki, wanda galibin jirage suka sa a layi ɗaya da taba, ya daina busa tururinsa a cikin lif yana cewa ba hayaƙi ba ne.

Abin da nake nema daga masu jirage ba shi da tsada idan aka kwatanta da abin da suke kashewa a kan ƙawa. Jirgi irin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, tsawonsa ya kai mita 365 kuma yana iya ɗaukar fasinja kusan 7,600. Ba za a ce a irin wannan gari mai tafiya an rasa wurin da za a zaunar da masu shan taba cikin mutunci ba. A ware musu wuri a waje, ta bayan jirgi inda iskar tafiya ke kwashe hayaƙi ta kai shi teku, nesa da ƙofofin ɗakuna da mashigar iskar na'urorin sanyaya wuri. A yi shi a hawa fiye da ɗaya, kusa da lif, da rufi da kujeru da mazubin toka mai murfi, domin dattijo mai ciwon gwiwa kada wahala ta tura shi ga karya doka. A kuma nuna waɗannan wurare ƙarara a taswirar jirgi tun kafin mutum ya biya kuɗin ɗaki, domin mai asma ya san inda zai guje wa, mashayi ma ya san nisan da zai riƙa takawa.

Zauren caca kuwa a fitar da taba daga cikinsa baki ɗaya, kuma babbar hujjata ba fasinja ba ce. A daren ƙarshe, ina wucewa ta ƙofar zauren, na ga wata matashiya ma'aikaciya tana raba kati, mutum uku a gabanta kowanne da taba a hannu, idanunta sun yi ja, tana murmushin da aikinta ya wajabta mata. Yawancin ma'aikatan waɗannan jirage daga ƙasashe irin su Filifin da Indonesiya da Indiya suke, kuma kwantiraginsu yakan kai wata 6 zuwa 9. Ni na yi kwana 7 ina canza hanya, na sauka na tafi gida. Ita ba ta da bene na sama da za ta bi ta kauce, ba ta kuma da bakin da za ta ce wa baƙo ya kashe tabarsa. Ina kira ga ƙasashen da waɗannan jirage ke ɗauke da tutocinsu, da ƙungiyoyin ma'aikatan teku, su ɗauki wannan zaure a matsayin wurin aiki kamar kowane ofishi a doron ƙasa, su shimfiɗa masa dokar da ta dace da shi.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu