Wasiƙa zuwa Iskandariya

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya uwargida da jiki? Nan hunturu ya sauka da ƙarfinsa, kowa leɓe a tsage.

Saƙonka ya iso kan kalmar nan ta Turanci, dissect, wadda ka ce babban ɗanka ya ishe ku da ita tunda ya shiga karatun likita. Tushenta Latin ne, kuma gaɓa biyu aka haɗa: dis, wato rarrabewa, da secare, yanka. Wajajen 1600 ta shiga bakin mutanen Ingila. Amma kada ka ce wa yaron yanka ce kawai, zai yi maka dariya. Mai yanka ragon layya wuƙa yake ja ya koma gefe. Wanda ya karɓa daga hannunsa, ya hura fata, ya raba ta da tsoka a hankali, ya zaro kayan ciki bai fasa maɗaciya ba, shi ya fi kusa da ma'anar. Fiɗa ce, sai dai ba ta tukunya ba, ta neman sani.

Wannan secare ɗin tana da 'ya'ya da yawa a Turanci. Wanda ya fi burge ni shi ne insect, ƙwaro, don jikinsa kamar an tsattsaga shi gida-gida. Dubi ƙugun zanzaro.

Inda abin ya fi daɗi shi ne Larabcin da ake yi a ƙofar gidanka. Su tashrihi suke ce wa wannan ilimi, daga sharaha, buɗe abu ko yanyanka shi. To daga nan muka samo sharhi, wanda malaman zaure ke yi wa littafi, 'yan rediyo ke yi wa labarai. Mu kuma da namu, in mutum ya yi bayani bai rage komai ba, mu ce ya feɗe biri har wutsiya.

Birin nan fa ba wasa ba ne. Jalinusu, babban likitan Rum a ƙarni na 2, birai da aladu ya riƙa feɗewa saboda ba a yarda a taɓa gawar mutum ba, sannan ya ɗora abin da ya gani a kan ɗan Adam. Har cewa ya yi muƙamuƙin ƙasa ƙashi biyu ne. Wajajen 1200 wani likita mutumin Bagadaza, Abdullatif al-Bagadadi, ya tarar da tulin ƙasusuwan mutanen da yunwa ta kashe a Masar ɗinku, ya dudduba, ya ce ƙashi ɗaya ne. Turai ba ta gyara ba sai da Vesalius, malamin jami'ar Padua a Italiya, ya fitar da littafinsa a 1543, bayan ya riƙe wuƙar da hannunsa maimakon ya zauna kan kujera yana karanta wa ɗalibai Jalinusu.

Ka kuma gaya wa yaron ya san inda yake zaune: a garinku Herophilus, wani likita Bagirke, ya feɗe gawar mutum kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa.

Yaushe za ku leƙo gida? Hajiya ta tambaye ku ranar Juma'a, ta ce in tuna maka alkawarin man habbatussauda. A gaida uwargida da yara.

Naka,
amininka na Kano