Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Kula da Laburaren Unguwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, malamanmu, yayye da ƙanne 'yan ƙungiya, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekara lafiya. Ga rahoton da aka ɗora mani rubutawa a matsayina na sakatare. Lissafin kuɗɗi ban sa shi nan ba, ma'aji zai karanta shi da bakinshi ranar taro, da rasit ɗin komi a hannu.

Zan fara da karatun yara na ranar Asabar don gaskiya shi ya fi tsaya mani a rai. Da muka fara ai tatsuniya kawai muka nufa, a shimfiɗa tabarmi a baranda, ɗaya daga cikin iyayenmu mata ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara su amsa ta zo mu ji ta, a sha labarin Gizo da Ƙoƙi a watse. A sati na ukku ne malamar da ke taimaka mamu ta miƙa ma wani yaro ɗan aji biyar Magana Jari Ce ta ce ya karanta mamu layi biyu. Yaron nan ya ɗora yatsa bisa layin farko ya yi tsit, har gumi ya fara tsatso mashi a goshi alhali ana cikin hunturu. Yaro ne mai kai fa, yana da hadda, kuma in babanshi ya tafi masallaci shi ke tsaron shago yana bada canji ba ya ɓata, amma baƙin boko na harshen da yake magana da shi kullum ya gagare shi. Da muka gwada sauran sai muka tarar ba shi kaɗai ba ne, da yawansu ba su raba baki da baƙi ko kafa da ƙafa in sun gani a rubuce.

Toh daga ranar muka sauya tsari, awa ta farko baƙi da wasali, kowa da allonshi da alli, sai an gama sannan a yi tatsuniya, kuma wanda ya fi ƙoƙari shi ke rufewa da ƙurunƙus. Wallahi kafin azumi ya kama wancan yaron ya tashi tsaye gaban mutane ya karanta shafi guda cur, yana tuntuɓe yana gyarawa da kanshi, malamar sai da ta juya baya ta share ido. Ni dai a ganina ko wannan kaɗai muka yi bana kuɗɗin da kuke badawa duk wata bai tafi a banza ba. Matsalar ita ce hannu ya yi kaɗan, mutum biyu ne ke fama da baranda cike da yara.

Lokacin dogon hutu mun kai su tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda yanzu gidan tarihi ce. An buɗe ta a 1922, kuma cikin ɗakunanta na ginin ƙasa Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka yi karatu kafin a maida makarantar Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa. Abin da na so yaran su ji shi ne littafin da suke fama da shi ranar Asabar ba daga wata uwa duniya ya faɗo ba, mai shi, Abubakar Imam, ya taka ƙasar da suke takawa. A gasar rubutu ta 1933 Imam yana koyarwa a makarantar Midil ta garin nan ya rubuta Ruwan Bagaja, yayanshi Malam Bello Kagara wanda ya zama Walin Katsina ya rubuta Ganɗoki, Ɓalewa kuma Shaihu Umar. Da muka dawo ta wajen hasumiyar Gobarau wata yarinya ta tambaye ni ko ita ma in ta rubuta labari za a buga, na ce ta kawo mu fara gani, kuma ta kawo, shafi ukku a takardar da ta yago cikin littafin makaranta.

Sai maganar kwamfuta. Tun 2015 jarabawar JAMB ta koma bisa kwamfuta gaba ɗaya, amma har yau akwai ɗalibin da ranar jarabawa ce farkon riƙe mawus a rayuwarshi, lokaci na tafiya shi yana neman inda zai danna. Shi ya sa muka ware yammacin Talata da Alhamis don gwaji, kowa ya zauna ya amsa tsoffin tambayoyi da agogo na gudu. Rashin wuta ya so ya kashe shirin a watannin zafi, sai da wani bawan Allah cikinku da ya hana a faɗi sunanshi ya sa mamu sola da batir, Allah ya saka mashi da alheri ya jiƙan magabata. Masu shirin WAEC da NECO su ma sun amfana, don yanzu fitila na kaiwa bayan isha'i.

Inda muka gaza kuma dole a faɗa. Ranar mata ta Laraba ba ta yi armashi ba, laifinmu ne, mun sa ta daidai lokacin Islamiyya da ɗora girkin dare ba tare da mun tambaye su ba, badi su za su zaɓi lokacinsu. Darasin ajami sau kaɗan aka yi ya tsaya. Da damina rufi ya yi yoyo ta kusurwar gabas, ruwa ya jiƙa kwalin tsoffin jaridu, kan mu ankara gara ta bi ƙasan kanta ta cinye bayan littattafai da dama. Mun ɗage kantocin daga bango mun sa magani, amma kwanon nan sai an canza kafin ruwa ya sake sauka.

Ga wanda ke tambaya me zai karanta a hutun nan, in ka rabu da Magana Jari Ce tun firamare ka koma mata, littafi ukku ne, za ka ga abin da ya wuce ka da kana yaro. Matasa ku nemi Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina. Masu jin Turanci da son tarihin gida akwai littafin marigayi Dakta Yusufu Bala Usman kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, yana da nauyi kam, amma ana gama shi mutum zai riƙa kallon ganuwa da ƙofofin garin nan da wani ido daban. Kwafi ɗaya gare mu, a nan ake karanta shi ba a fita da shi.

Dalilin hana fita da shi kuwa kun sani. Rajistar aro cike take da sunayen da suka ɗauka tun kafin babbar salla ba su maido ba, wasu ma cikinmu ne 'yan kwamiti. Dan Allah a duba ƙarƙashin filo da cikin mota da bisa firij, a taho da su ranar taro, ba tara ba tambaya, akwai kwali bakin ƙofa a jefa kawai. Wanda kuma zai iya bamu awa biyu ranar Asabar da safe don yaran nan, namiji ko mace, ba sai malamin makaranta ba, in dai ka iya karanta Hausa kuma kana da haƙuri da yara, ka same ni bayan taro in rubuta sunanka.

Wassalam,
Sakatare