Wasiƙa daga Yok zuwa ga Bala

Assalamu alaikum Bala,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara. Mu nan sanyi ya kankama, sai dai godiya.

Ka tuna tsohuwar nan maƙwabciyata mai ba ni aron tsani? Ashe 'yar Kwaika ce, wata ɗariƙar Kiristoci da George Fox ya assasa a nan Ingila wajen 1650. Su dai Abokai suke kiran junansu. A nan ba su da limamin coci, ranar Lahadi zama suke yi shiru na awa guda. Shekaranjiya ta miƙo mini wani ɗan jan littafi ta saman shinge, bai wuce tafin hannu ba, mai nasihohi da tambayoyi 42. Ta ce tushensa wasiƙu ne.

A 1656 dattawansu suka taru a Balby, kusa da Donkasta, suka rubuta wa 'yan'uwa nasiha 20: a ɗaura aure gaban shaidu, a tara wa matalauta taimako, wanda ya kauce a fara yi masa magana a keɓe. Duk wannan ba baƙo ba ne a kunnenmu. Ƙarshen wasiƙar ne ya tsaya mini a rai. Bayan sun gama jerowa, sai suka ce ba doka suka ɗora wa kowa ba, kowa ya auna da hasken da Allah ya ba shi. Dattijo ya yi maka faɗa, sannan ya bar maka wuƙa da nama!

Daga 1682 kuma taronsu na Landan ya fara yi wa wakilai tambayoyi, ciki har da su wa suka rasu a kurkuku, don lokacin ana ɗaure su saboda ƙin yin rantsuwa a kotu. Har gobe kowane taron shekara sai ya rubuta wasiƙa zuwa ga Abokai ko'ina suke, har Kenya, inda suka fi yawa a yau.

Gaskiya da niyyar yi maka faɗa na zauna, kan batun sayar da gonar Baba. Na fasa. Tambaya ɗaya kawai: ka zauna da Yaya Habu kun yi maganar, ku biyu?

Ka gaishe mini da mutan gida.

Naka,
Sani