Wasiƙa daga Katmandu, babban birnin Nepal

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fata kuna lafiya, da Inna da Goggo da yara. Ni ma lafiya lau, sai sanyi, shi ma ya fara sauƙi.

Na ji abin da Kawu yake yaɗawa a kan hoton nan na Facebook, wai na shiga ɗakin tsafi har an shafa mini toka a fuska. Wallahi raina ya ɓaci. Ba toka ba ce, garin sha'ir ne. Bikin sabuwar shekarar mutanen Tibet ake yi, Losar, kuma ɗakin da muke haya yana bayan Budanat, wurin ibadar mabiya addinin Buddha, wannan ƙaton farin gini mai ƙubba da aka zana wa idanu a fuskokinsa huɗu. Ta nan muke bi kullum in za mu atisaye. Ranar sun taru maƙil, kowa ya damƙi gari, suka yi kira baki ɗaya suka watsa sama. Duk wanda ke kusa sai da ya yi fari fat.

Na tsaya kallo, ba zan ɓoye maka ba, don abin kallo ne. Tun asuba suke zagaya ginin, yana hannun damansu, tsofaffi da carbi suna juya ƙananan ganguna na addu'a da ke jikin bango. An ɗaure sababbin tutoci masu launi biyar tun daga ƙololuwa har ƙasa, ga fitilun man shanu jere, ga hayaƙin turare. Malamansu masu aske kai da jan mayafi suna busa dogayen ƙahoni kamar kakakin sarki. Tsohuwar da muke haya a gidanta, wadda iyayenta suka tsallako duwatsu da ƙafa daga Tibet a 1959, ta aiko mana da soyayyar fulawa cike da faranti. Ba ta taɓa ce mini in zo ibadarsu ba. Ni kuwa duk Juma'a ina masallacin da ke kusa da Gantagar, hasumiyar agogon garin, a sahun gaba in na samu. Ka karanta wa Inna wannan da bakinka, kada ta kwana da zancen a ranta.

Na turo N150,000 ta asusunka. N60,000 na maganin Inna ne, N50,000 kuɗin makarantar Auta, sauran a sayi masara. Na so ya fi haka, amma kulob ɗin bai biya mu cikakke ba, sun ce ƙarshen wata. Kada ka faɗa wa Inna wannan. Na san kai kake ɗauke da gidan, ina jin nauyin haka ƙwarai.

Kawu kuma kada a ba shi ko sisi a ciki, ko ya ce rance ne. Maganin Inna a fara saya, Yaya, tun kafin a taɓa komai. Ka ce wa Auta ya turo mini hoton rasit ɗin makaranta.

Naka,
ƙaninka