Wasiƙa ga Iyaye: Halin da Littattafan Yara Ke Ciki

Assalamu alaikum. Iyaye da masu riƙon ɗalibai, barkanmu da shiga zango na uku.

Abin da ya fi tsaya wa malamai a rai a zangon da ya wuce shi ne yadda littattafai ke dawowa daga gida. Wani bangonsa ya cire, wani manja ya jiƙa shi, wani kuma an yage tsakiyarsa, in ka tambayi yaro ya ce da shi aka ƙunshe ƙosai. A gidan nan kuwa, da ƙaramin yaro zai kai wayar Baba bakin murhu, da maƙwabta sun ji ihu. Yara suna lura da wannan. Abin da suka ga ana killacewa shi suke ɗauka da daraja.

Ba gaba muke yi da waya ko kwamfuta ba. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, don haka dole ɗalibanmu su iya ta, muna kuma koya musu. Sai dai dogon karatu yana son natsuwa, waya kuwa ba ta barin mutum ya natsu: saƙo ya shigo, bidiyo ya leƙo, caji ya ƙare ga shi ba wuta. A littafi yaro yana ja layi da fensir, ya koma baya shafi biyu, har ya riƙa tuna cewa amsar tana can ƙasan shafi ta hannun hagu. Ƙasar Suwidin, wadda ta yi nisa wajen raba wa ƙananan yara na'urori a aji, a 2023 gwamnatinta ta ware kuɗi don a dawo da littattafan takarda makarantu.

Mu kuwa girmama rubutu ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Ɗan makarantar allo ya san ba a tsallake allo, Alƙur'ani gafaka ake ɗinka masa, dattijo in ya ga takarda mai rubutu a ƙasa sai ya duƙa ya ɗauke. Da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, mutum ɗaya ne zai saya ya karanta wa jama'a a ƙofar gida. Wannan tarbiyyar muke so ta kai ga littafin lissafi da na Hausa da na kimiyya.

Roƙonmu ba mai tsada ba ne. A naɗe bangon kowane littafi da tsohuwar kalanda, a samo masa wuri sama da ƙasa, domin damina na tafe, gara kuma ba ta da tausayi. Bayan sallar Isha'i a ajiye wayoyi na ɗan lokaci, har da na manya, yaro ya karanta shafi biyu da ƙarfi. Uwa ko uban da bai yi boko ba kada ya janye jiki, ya saurara, ya ce, “To, daga nan sai me ya faru?” Tambayar nan kaɗai tana sa yaro ya koma ya duba.

Daga wannan zangon ɗakin karatu zai riƙa ba da aron littafi ranar Alhamis, a dawo da shi Litinin. In littafi ya ɓata ko ya lalace, don Allah kada a doki yaro, domin wanda aka doka ba ya sake karɓar aro. A zo a ga malamin aji, za a daidaita.

Ranar 23 ga Afrilu ce Ranar Littafi ta Duniya, wadda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ware tun 1995. Namu taron za mu haɗa shi da zaman iyaye da malamai na wannan zango. Duk mai tsohon littafin yara da aka gama da shi a gida, ya taho mana da shi, ko da bangonsa ya tsufa.

Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.

Wassalam,
Hukumar Makaranta