Masu gidajen gem na karkara, ku daina zuba faci a kan faci

Assalamu alaikum, Malam Edita. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu ja hankalin ƙannenmu masu gidajen gem a ƙauyukan Ringim, Taura da Garki, waɗanda ke tara gem ɗin GTA San Andreas da na ƙwallon ƙafa PES 2017 a kwamfuta ɗaya, kowanne da faci biyu ko uku, wato ƙarin fayilolin da ake ɗora wa gem don sauya motoci, taswira ko 'yan wasa. Kullum kukan ɗaya ne: gem ya ƙi tashi, ko ya rufe kansa yara na tsaka da wasa bayan sun biya kuɗinsu. Sai a ɗora wa kwamfuta laifi, alhali lafiyarta ƙalau.

Da zarar an saka gem, kafin a taɓa komai, a kwafe foldarsa gaba ɗaya a ajiye a faifan waje. Wannan ita ce uwa, ba a wasa da ita. Kowane faci a yi masa kwafinsa daga gare ta, da suna bayyananne, kamar GTA-motoci ko GTA-taswira. San Andreas bai wuce giga 5 ba, kwafi uku giga 15 ke nan. Kada a ajiye su cikin Program Files, domin Windows na takura rubutu a can. Yawancin facin wannan gem sai da fayil ɗin da ke tayar da gem ɗin, wato gta_sa.exe, sigar 1.0 suke aiki. A yi amfani da Mod Loader, manhajar da ke loda ƙari ba tare da taɓa fayilolin gem na asali ba, kowane ƙari ya shiga foldarsa cikin modloader, a bar gta3.img, babban fayil ɗin motoci da gine-ginen gem, yadda yake. A riƙa ƙarawa ɗaya bayan ɗaya ana gwadawa na minti 10, don in matsala ta taso a san mai laifi.

Inda aka fi faɗawa rami kuwa shi ne Documents. Ko kwafi goma ka yi, duk a wuri ɗaya suke ajiye ci gaban wasa, wato GTA San Andreas User Files. Facin da ya sauya main.scm, fayil ɗin da ke tafiyar da labarin gem, ba zai karɓi ajiyar da aka yi a wani kwafin ba, yana buɗe ta zai faɗi. Fayil ɗin saitin gem, gta_sa.set, ma na nan, kuma in gem ya ƙi tashi, sau da yawa goge shi kaɗai ya wadatar, gem zai ƙirƙiro sabo. Haka PES yake: fayil ɗin EDIT, mai ɗauke da gyaran sunayen 'yan wasa da ƙungiyoyi, yana ƙarƙashin foldar KONAMI a Documents, duk kwafi da shi suke aiki, shi ya sa za ka ga ɗan wasa da rigar wata ƙungiya ko sunaye sun hautsine. Sabon faci kuma, in an zuba shi a kan wani, yakan danne DpFileList.bin na tsohon, wato jerin fayilolin faci (cpk) da gem zai loda, sai na baya su daina lodawa. Maganin matsalar Documents mafi sauƙi a ganinmu shi ne a buɗe wa kowane faci asusun Windows nasa, tunda kowane asusu da Documents ɗinsa. Sauya sunan foldar ajiyar da ke Documents da hannu ma yana yi, amma yaron shago zai manta ranar kasuwa.

Sai batun wuta. A yi kwafi da rana tsaka lokacin da batirin sola ya cika, domin in wuta ta yanke ana tsaka da aiki, fayil zai fito rabi. Bayan an gama a duba Properties, a tabbatar girma da yawan fayiloli sun yi daidai da na uwar. Filashin da ke kan tsarin fomatin na FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya haura giga 4, sai a mayar da shi exFAT ko NTFS, amma a kwashe kayan ciki tukuna don fomatin yana share komai. Duk filashin da aka kawo daga birni a bincike shi da antibairos kafin a buɗe.

Mun gode, Allah ya ƙara basira.

Daga wasu masu gyaran kwamfuta, ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa.